An Riga An Keɓe Su

Ranar da motar kaya ta sauke kekunan guragu ashirin a gidanmu, ni na tsaya a bakin sito da makulli a hannu ina nuna wa masu saukewa inda za su jingina su. Sababbi fil, kowanne naɗe cikin leda, tayoyin suna warin roba. Maigidana ya zagaya su sau biyu yana shafa ledar, murna fal a fuskarsa, kuma murnar gaske ce. Ba zan yi masa ƙage ba, mutumin nan yana son bayarwa. A coci Dattijo ake ce masa, a kasuwa Mai Ƙofofi, don ƙofofi da tagogi yake sayarwa, kuma Allah ya buɗa masa. Rufin cocinmu shi ya yi. Marayun da yake biya wa makaranta ni kaina ban san yawansu ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, wai dukiya ba tamu ba ce, ajiya ce aka ba mu, wanda Ubangiji ya sa wa albarka kuma dole ya zama albarka ga wasu. Ni ma na haddace ta tsaf, har ina koyar da ita a zumuntar mata ina kaɗa yatsa.

Bango ɗaya ne tsakanin siton nan da ɗakin Yaya.

Yaya yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye. A lokacin wata uku ke nan da ciwon baya ya sauko mata ƙafafu, suka daina ɗaukarta. Ɗakinta yana bayan kicin, banɗaki kuma yana can ƙarshen lungu, taku ashirin ga mai ƙafa. Ita sai ta zura silifas a hannuwa, ta dafa ƙasa, ta ja sauran jikin. In ina tsaye a kicin ina jin ƙarar, silifas biyu su sauka, sannan zane ya goga siminti. Da farko in na ji sai gabana ya faɗi. Cikin sati biyu na saba.

Da yamma Fasto ya zo ya yi addu'a a kan kekunan. Ya ɗora hannu a kan na farko, ya keɓe su duka ga aikin Ubangiji, za a raba su ran godiyar ƙarshen shekara, saura wata huɗu. Yaya ta jawo jiki har bakin ƙofarta don kada addu'ar ta wuce ta. Amin ɗinta ya fi na kowa ƙarfi. Fasto ya juya ya gan ta a ƙasa, ya gaishe ta, ya ce Ubangiji ya taɓa ta, ya dubi kekunan, ya dubi Dattijo, sannan ya dubi agogonsa.

Bayan an raka shi ta kira ƙanenta. Ita kaɗai ce a duniya take ce masa Auta.

"Auta, ko za ka ara mini ɗaya? Ranar rabo sai a goge a mayar."

Ya durƙusa kusa da ita, muryarsa a sanyaye. "Yaya, an riga an keɓe su. Kin ga Fasto ya ɗora hannu, ba nawa ba ne kuma. Naki daban zan saya, wanda ya fi waɗannan."

Ta ce to, Allah ya sa albarka. Ta juya hannuwanta ta koma ciki. Ni kuwa na murɗa makulli, na ɗaure shi a bakin zanena, har ina jin daɗin yadda mijina yake tsoron Allah.

Sati ya wuce, ba keke. Da ta tambaye ni na ce an yi oda, yana hanya. Ban san ko an yi ba, shi ya ce zai yi, ni kuma na ƙarasa masa. Sati na biyu na tuna masa yana sa takalmi, ya dafe goshi ya ce kash, hidima ta yi masa yawa, ga taron dattawa, ga kwamitin gini, ga kaya sun maƙale a hanya. Na kai mata saƙon yadda ya ba ni. Daga nan kalmar ta zama amsar komai a gidan. Auta ya leƙo ni kuwa yau? Yana da hidima, Yaya. Za a kai ni wurin likitan kuwa? Sai ya samu sarari, kin san hidima. Ni ma na ari kalmar na yafa. In ta kira, "Amarya," don shekara ashirin da huɗu ina gidan amma a bakinta har yau ni amarya ce, sai in amsa daga nesa cewa ina zuwa, ina da hidima.

Ana nan wani mai wa'azi ya sauka a gidanmu. Muna da ɗakin baƙi a gaba, da banɗaki a ciki, da ƙofa mai faɗi irin wadda Dattijo yake nuna wa manyan kwastomomi. An keɓe shi don bayin Allah masu wucewa, a shekara bai fi a kwana a ciki sau biyar ba. Baƙon ya ji labarin Yaya, ya ce a kai shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba, ya yi addu'a da ƙarfi har gumi ya keto masa, ya ce ya ga matar nan tana tafiya da ƙafafunta. Da muka koma falo Dattijo ya ambaci keken da zai saya. Baƙon ya ajiye kofin shayi ya ce a yi hankali, wanda ya sayi keke ya amince da ciwon ke nan, ya sa hannu a takardar Shaiɗan.

Na ga yadda kafaɗun mijina suka sauka. Nawa ma sun sauka. Ashe ba sakaci muke yi ba, bangaskiya ce. Da gudu na kai wa Yaya wannan albishir, na ce ta riƙe bangaskiya, keke na marasa bege ne. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce to su mutum ashirin ɗin da za a ba wa fa, su ba a yi musu bege? Na ce Yaya ke dai akwai ki da magana. Na fita ina dariya, amma dariyar ba ta kai kicin ba.

Ruwan sama ya kankama. Lungun bayan gida ya zama kwata, ruwan wanke-wanke ya haɗu da na indararo ya kwanta a tsakiya. Ta cikinsa take bi. Ta je ta dawo zanenta sharkaf, ta matse gefen, ta zauna da shi a jiki ya bushe. Fatar gwiwoyinta ta fara saɓulewa, ta yi ja, ta fashe. Ta yayyaga tsohon ɗankwali ta ɗaure. Na ba ta man shafawa na ce ta rage yawo, kamar wadda take zuwa kasuwa. Ita ma ta nemo nata maganin, ta daina shan ruwa. Kofin da na ajiye mata da safe nakan tarar da shi da yamma ko rabi bai yi ba. Leɓɓanta suka tsattsage. Da na yi faɗa ta ce ba ta jin ƙishi. Na san dalili sarai, amma na karɓi amsar saboda ta fi sauƙin ɗauka.

Daga baya na sa aka ajiye mata bokiti a ɗaki. Ta ƙi shi kwana uku, ta ce ita ba jaririya ba ce. A na huɗu ta karɓa. Ɗakin ya fara wari, na fara rufe ƙofar kicin ta baya. In matan zumunta suka zo koyon waƙa a falo, nakan sa sakata. Duk da haka muna jin muryarta tana bin mu daga can baya, siririya, ba ta kuskure ko baiti ɗaya. Wata ta tambaya wa ke waƙa. Na ce Yaya ce, tana hutawa, likita ya ce kada a dame ta. Babu likitan da ya ce haka.

Mutum ɗaya ce take shiga ɗakin ta zauna, Mai Wanki. Dattijuwa ce, ta kusa sa'ar Yaya, tana zuwa Talata da Jumma'a. Cocinmu ɗaya amma a layin baya take zama, kusa da ƙofa, wurin da iska take shigo da ƙura. Mijinta baro yake turawa a kasuwa. In ta gama shanya sai ta ɗebi ruwan ɗumi ta wanke wa Yaya gwiwa, su yi ta hira ƙasa-ƙasa suna dariya. Dariyar tana ba ni haushi, ban san dalili ba. Yanzu na sani.

Wata Jumma'a 'yan kwamitin rabo suka zo ganin kekunan. Kafin su iso na leƙa na ce wa Yaya don Allah ta zauna ciki, ta turo ƙofa, ba za su daɗe ba. Na ɗauke bokitin na kai bayan tanki saboda wari. Suka zo suka tsaya a lungu, daidai ƙofarta, aka fito da keke ɗaya ana juya shi ana yabawa. Aka kawo kujeru, aka kawo lemo. Hira ta yi daɗi, aka shiga zancen yadda masu kuɗin zamani ba sa tuna talaka, ban da irin su Dattijo. Awa biyu da rabi suka yi.

Da na tura ƙofar bayan sun tafi, na tarar da ita a bakin ƙofar daga ciki, silifas a hannu, ta shirya fita tun ɗazu. Tabarmar ta jiƙe, zanenta ya jiƙe. Ba ta ɗago kai ba. Abin da ya fito daga bakina, ina jin kunyar rubuta shi, amma zan rubuta. Na ce, "Haba Yaya, sai ka ce ƙaramar yarinya."

Ta ce in yi haƙuri.

Ita ta ba ni haƙuri. Mai Wanki ta zo ta raɓa ni ta shiga, ta rufe ƙofar a fuskata. Da ta fito da tabarmar a naɗe sai ta tsaya gabana, idonta a kan bakin zanena.

"Uwargida, makullin siton nan ai a wurinki yake."

Na ce ta yi abin da ya kawo ta, wankin Dattijo yana jira. Na ƙara da cewa kayan Ubangiji ba abin wasa ba ne, in ita ba ta sani ba. Ta ce haka ne, ta wuce.

Maganar Mai Wanki ta kwana a raina. Washegari da hantsi, gida ba kowa, na buɗe siton. Na kama keken da ke gaba, na ja ledar, ta yage kamar tsawon tafin hannu. Ƙarar yagewar ta tsayar da ni. Na fara tunanin me zan ce in maigidana ya ga tayar da ƙura, me za a ce in aka ga ɗaya ba leda, wai matar Dattijo ta taɓa abin da aka keɓe. Ta bangon ina jin tarin Yaya. Na je na ɗauko salatif na liƙe wurin a hankali, na juya keken ya fuskanci bango, na kulle. Har na yi addu'ar neman gafara saboda na kusa yin saɓo. Ku ji fa, a kan ledar na nemi gafara.

Da rabo ya matso, ni da bakina na yi sanarwa a zumunta cewa duk wanda ya san gurgu mabukaci ya karɓi takarda a wurin Sakataren kwamiti ya cike masa. Sakataren malamin makaranta ne da aka yi wa canjin aiki zuwa garin, bai fi wata biyar a cocin ba, bai san kowa ba. Shi ya tace takardun ya kawo sunaye ashirin. Dattijo ya sa hannu a tsaye, waya a kunne. Ni aka ba wa aikin rubuta kowane suna a kati in ɗaura a hannun keke. Na zauna a teburin cin abinci na rubuta su ɗaya bayan ɗaya da kyakkyawan rubutuna. Na sha bakwai sunan mace ne. Na rubuta shi, na hura tawadar, na wuce na sha takwas.

A lokacin Yaya ta rame har wuyan rigarta yana zamewa. Gwiwar hagu ta kumbura tana ruwa. Ta daina tambayar keke, ta daina tambayar Auta, mu kuma muka ce ai ta samu salama. Ran Asabar ta roƙe ni in sauko mata da akwatinta daga kan kabad. Ta ciro zanen da take zuwa coci da shi da, mai ruwan ganye, ta shimfiɗa a cinya tana shafawa. Na ce ko za a sha iska ne. Ta ce e, ya daɗe a rufe.

Ran Lahadi muka fita da wuri. Na ajiye mata shayi da burodi a bakin ƙofa na ce za mu daɗe. Ta ce a dawo lafiya.

Coci ya cika har waje. An jera kekunan a gaban bagade, an cire ledojin, kowanne da katinsa yana lilo. Dattijo cikin fararen kaya, ni a layin gaba da sabon ɗinki. Fasto ya yi wa'azi mai kyau, ban taɓa jin ya yi kamarsa ba. Ya ce Allah ba ya ƙin mai dukiya, shi ne ma mai bayar da ita, amma ba ya zuba wa mutum don ya zama randa, sai don ya zama bututu. Ya ce ranar ƙarshe ba za a tambaye mu nawa muka tara ba, za a tambaye mu wa muka gani da yunwa, wa muka gani a kwance, me muka yi. Na yi ta gyaɗa kai ina cewa amin. Na ma rubuta zancen bututun a bayan takardar waƙa don in yi amfani da shi a zumunta.

Aka fara rabo. Sakatare ya kira suna, a kawo mutum, Dattijo da kansa ya ɗaga shi ya zaunar a keke, mai hoto ya ɗauka, a miƙa wa mutumin lasifika ya yi godiya. Keken da na liƙe wa leda wani tsoho ya samu, na huɗu. Ledar tana can cikin shara tun safe, ba wanda ya ko kalle ta.

Aka zo na sha bakwai. Sakatare ya kira sunan, shiru. Ya sake kira. Sai muka ji ƙarar taya daga ƙofar baya, irin kukan tayar da ba ta ga mai ba. Kowa ya juya. Mijin Mai Wanki ne yake turo baro ta tsakiyar coci, a hankali, yana kaucewa ƙafafun mutane. Mai Wanki tana gefe ta riƙe bakin baron. A ciki, kan bargo da aka ninka, wata tsohuwa ce cikin zane mai ruwan ganye, ƙafafunta suna reto a gaba.

Sai a lokacin sunan ya dawo mini. Sunanta ne na baftisma, haɗe da na mijinta marigayi. Na ji shi sau ɗaya ranar aurena. Shekara ashirin da huɗu muna gida ɗaya, na rubuta shi da hannuna ban gane shi ba.

Tsofaffin da suka san ta suka fara sunkuyar da kai. Fasto ya cire tabarau yana gogewa, ya yi ta gogewa. Amma cocin ya girma, yawancin mutane ba su taɓa ganinta ba. Matar da ke bayana ta taɓa kafaɗata ta raɗa mini cewa dubi baiwar Allah, a baro fa, wasu dangin dai Allah ya shirye su, in ba don irin su Dattijo ba ina za ta sa kanta. Na ce mata amin.

Baron ya tsaya a gaban Dattijo. Shi ma ya tsaya kamar an dasa shi, hannuwansa a sake. Mai hoto ya ce ranka ya daɗe a ɗaga ta mana, a ɗan juyo nan. Ya sunkuya ya sa hannu ƙarƙashinta. Ya shirya ɗaukar nauyi, sai ya ɗago ta kamar ƙunshin wanki, har ya yi baya kaɗan. Ɗaurin gwiwarta ya goga gaban rigarsa ya bar tabo, ja da ruwan ɗorawa. Ya zaunar da ita. Ta gyara zanenta ta rufe gwiwar, ta ɗora hannuwanta a kan madafan keken. Tafin hannun ya yi kanta, baƙi, kamar na mai faskare. Mai hoto ya ce a yi murmushi. Ita ta yi.

Sakatare ya duba takardar da Mai Wanki ta cike mata, ya ga abin tausayi da zai motsa jama'a. Ya ce, "Mama, a nan an tambaya ko akwai mai ɗaukar nauyinki, an bar wurin ba a cike ba. Ba ki da kowa ne?"

Ya kai mata lasifika baki. Na san abin da ya cancance mu, na kuma shirya jin sa.

Ba ta dubi Dattijo ba. Ta ce, "Ina da ƙane. Yaron kirki ne. Yana da hidima da yawa."

Wasu suka yi tsaki, wani daga baya ya ce Allah ya isa. Ta ɗaga hannu ta ce a'a, kada a zage shi, a yi masa addu'a. Sannan ta gode wa bawan Allahn da ya ba da kekuna, ta ce Ubangiji ya ƙara masa, ya sa in ƙafarsa ta gaza kada ya rasa mai ɗaga shi. Coci ya ɗauki amin har rufin da Dattijo ya yi yana amsawa. Da ta tona mana asiri da na samu abin da zan ji haushi. Ta rufa mana, a gaban mutum ɗari biyar, ta bar mu da kanmu.

Ban san yadda Dattijo ya ƙarasa raba sauran ukun ba. Da aka tashi na kutsa cikin mutane na samu Yaya da Mai Wanki a bakin ƙofa, na kama hannun keken na ce mota tana can. Yaya ta ɗora tafinta mai kanta a kan hannuna.

"Bari, Amarya, za ki ɓata ɗinkinki. Je ki sallami baƙi."

Mai Wanki ta karɓi keken. Suka fita ƙofar coci, mijin yana biye da baro ba kowa a ciki. Hanyar gidanmu dama ce. Suka yi hagu.

A mota Dattijo ya ce Yaya ta tozarta shi. Ya ce wa ya ba mai wankin nan izinin fitar da ita, ya ce da ta yi haƙuri ai nata yana hanya. Na ce wace hanya. Na kwance makullin daga bakin zanena na ajiye a kan cinyarsa, kusa da tabon, na ce wata huɗu yana nan, ni ma ban buɗe ba. Ya kifa kai a kan sitiyari. Muka zauna a haka har filin cocin ya watse.

Da la'asar muka je gidan Mai Wanki. Ɗaki biyu ne da rumfa, mutum bakwai a ciki. Yaya tana ƙarƙashin rumfar a kan kekenta, kofin ruwa a hannu, na biyu ke nan in ji Mai Wanki. Dattijo ya durƙusa a ƙasa da fararen kayansa ya ce ta yafe masa, ta zo mu koma gida. Ta ce ta yafe tun kafin ya tambaya. Amma komawa, ai keken ba zai shiga ƙofar ɗakinta ba, ta auna da igiyar zane tun ranar da aka kawo su, ya fi ƙofar da yatsa huɗu. Ya ce gobe-goben nan zai fasa bangon ya sa wata, ko ta koma ɗakin baƙi, ƙofofi ai yana da su.

Ta ce, "Na sani, Auta. Kana da su da yawa."

Ba ta biyo mu ba.

Ya fasa bangon. Ya sa ƙofa mai faɗi, ya yi fenti, ya gina banɗaki a ciki, duka cikin kwana shida. Ashe hidimar tana iya jira. Kafin masu aiki su zuba sabon siminti na tsaya na kalli tsohon. Daga inda tabarmarta take zuwa bakin ƙofa akwai wata hanya da ta yi sumul tana sheƙi, faɗin jikin mutum. Ban bari kowa ya ga ina kallo ba.

Ɗakin yana nan a share. Muna aika abinci da magani, yana biyan likita, gwiwar dama ta warke, ta hagu likita ya ce an makara, sai dai a yi ta wankewa. Tana karɓar abin da muka aika ta ce Allah ya sa albarka. Kowace Lahadi Mai Wanki tana turo ta coci, su zauna a layin baya kusa da ƙofa.

Na daina koyar da darasin dukiya a zumunta. Ba don ƙarya ba ne, gaskiya ne daga farko har ƙarshe, ajiya ce aka ba mu. Mu ne muka ɗauka cewa bayarwa ba ta zama bayarwa sai ta fita ta ƙofar gida an gani. Abin da aka yi wa na cikin gida ba a kiran suna, ba a ɗaukar hoto, ba mai cewa amin, shi ya sa muka ga kamar asara ne. Muka keɓe ƙarfe da roba ga Ubangiji, muka keɓe ɗaki ga baƙin da ba su zo ba, ita ma muka keɓe ta a bayan kicin.

Bayan wata ɗaya kwamiti ya kawo wa Dattijo kyautar godiya. Sakatare ne ya zaɓi hoton da ya fi taɓa zuciya, aka sa shi a gilashi. Ga shi ya sunkuya da tabo a riga, ga ta tana murmushi, ga bakin baro a gefe. Dattijo ya tura shi ƙarƙashin gado. Ni na ciro shi na buga ƙusa a falo, daidai inda baƙo yake fuskanta in ya zauna. Bai ce in cire ba.

Baƙi kuwa ba sa rasa tambaya. Su kalla su ce Allah ya saka wa Dattijo, wace baiwar Allah ce wannan? Shi sai ya tashi ya shiga ciki. Ni nake zama in amsa.

Nakan ce yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma makullin a wurina yake.